Kaduna zuwa Jidda a jirgi: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi?

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya kai Hajiya lafiya ya dawo mana da ita lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce. Tambayarka dai ita ce nisan filin jirgin Kaduna zuwa Jidda kilomita nawa ne, kuma awa nawa za ta yi a zaune, tunda ka ce kawunku ya ce awa 4 ne, maƙwabciyarku da ta sauke farali a 2023 ta rantse sun yi kusan awa 7, kai kuma ka ga wani tsohon tikitin dawowa da ya nuna awa 2 da rabi kacal, ga Hajiya da ciwon suga ga ciwon gwiwa, kana so ka san yadda za a shirya mata. Na daɗe ina aikin tsara tashin jirage, mu ne muke zama a ofis mu fitar wa matuƙi hanya da lissafin mai kafin ya hau jirgi, don haka bari in warware maka. Kuma tun yanzu in gaya maka cikin su ukun nan babu wanda ya yi maka ƙarya.

Nisa dai shi ne mai sauƙi don ba ya motsi. Daga filin jirgin Kaduna, wanda ake bi ta Mando a je, zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in aka miƙe sambal ba kwana, kusan kilomita 3,600 ne. In Madina za a sauka, filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, to kusan 3,750 ne, bambancin kilomita 150 ɗin nan a jirgi bai wuce minti 10 ba. In ka duba a intanet ka ga an rubuta 1,945 kada ka rikice, wannan da mil ɗin da matuƙa jirgi ke aiki da shi ne, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, ka ninka za ka ga ya dawo 3,600 ɗin. Mutanen Kano sun ɗan fi mu kusa, su wajen 3,420 ne zuwa Jidda.

Layin nan kuwa in ka ja shi, daga Kaduna jirgi zai fuskanci gabas maso arewa, kusan daidai inda kake fuskanta in ka tsaya sallah, ya bi ta kan kudancin Kano da Jigawa, ya ratsa Yobe da arewacin Borno, ya wuce ta kan Tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi gaba ɗayanta, ya shiga Sudan, ya haye kogin Nilu ta arewa da Khartum, sai Bahar Maliya, sai Jidda. Ka riƙe sunan Sudan ɗin nan don za mu dawo kanta, ita ce amsar maƙwabciyarku. Ni abin da ke burge ni da layin nan kullum in na buɗe taswira, bai yi nisa da hanyar da kakanninmu suka riƙa bi a ƙasa ba, ta Borno su shiga Chadi su bi Darfur har Sawakin su hau jirgin ruwa, wasu su yi shekaru a hanya suna tsayawa suna noma suna tara guzuri, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na Sudan har gobe suna jin Hausa.

To yanzu lokaci. Manyan jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin su Boeing 747 da 777 da Airbus A330, in sun daidaita a sama suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ka raba 3,600 da 870 zai ba ka awa 4 da 'yan mintuna, kaga inda kawu ya samo nasa lissafin ke nan. Amma fa jirgi ba ya tashi da wannan gudun kuma ba ya sauka da shi. Daga barin ƙasa zuwa ya kai ƙafa dubu 35 ko 37 yana cin minti 20 zuwa rabin awa, musamman in ya cika maƙil da mutane da kaya da mai, kuma tun saura kilomita 200 da wani abu ya isa yake fara saukowa yana rage gudu. Sannan sama ma tana da tituna, ba yadda ka ga dama kake bi ba, akwai wuraren da aka sa wa suna da dole ka bi ta kansu kana sanar da masu kula da sararin kowace ƙasa, Kano ta miƙa ka ga Injamena, Injamena ta miƙa ka ga na gaba, haka har Jidda, kuma titunan nan ba su miƙe kamar zare ba, suna ƙara 'yan kilomitoci. In ka haɗa duka, daga taya ta bar ƙasa a Kaduna zuwa ta taɓa ƙasa a Jidda, awa 4 da kwata zuwa 4 da rabi ne a miƙaƙƙiyar hanya.

Amma Hajiya ba wannan ne zai dame ta ba, zaman kujera ne zai dame ta, kuma zaman kujera ya fi haka tsawo. Jirgin da ke ɗaukar mutum 400 ko fiye, shigar da su kaɗai ana iya cin awa guda, tsofaffi ne da yawa, wasu ranar ce rana ta farko da suka taka jirgi, wannan ya zauna a kujerar wani, waccan jakarta ta ƙi shiga ma'ajiyar sama, ma'aikata na ta ƙirga kawuna don sai adadin da ke cikin jirgi ya yi daidai da na takarda kafin a rufe ƙofa. In aka sa ta cikin na farko saboda lalurarta, wanda haka ya kamata, to ita ce za ta fi kowa daɗewa a zaune. Bayan an rufe ƙofa a tura jirgi baya, a tada injina, a gangara bakin titi, minti 10 zuwa 15. A can kuma filin Jidda ƙato ne, daga inda jirgi ya sauka zuwa inda zai tsaya a tashar alhazai, mai rumfunan nan farare kamar tantuna da aka buɗe tun 1981, tafiya ce mai ɗan tsawo, sannan a jira matakala da motocin kwasa. Saboda haka ni in za ka ji shawarata, ka shirya ta a kan awa 6 a kujera ko da hanyar miƙaƙƙiya ce, in ta zo ƙasa da haka alhamdulillahi.

Sai batun maƙwabciyarku. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Kuma na gaya maka Sudan ce a tsakiyar hanyarmu, ba gefe take ba balle a ɗan kauce mata. Zaɓi biyu ya rage. Ko a bi ta arewa, ta kan Libiya da Masar a gangaro Bahar Maliya, wadda ta fi gajarta amma ba kowane kamfani ne ke da izini ko yardar masu inshorarsa ya bi ta Libiya ba. Ko kuma a yi kudu, ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya a zagayo ta wajen Yuganda da Kenya a haura Habasha sannan a fito teku. Wannan zagayen na kudu yana kai tafiyar sama da kilomita 5,000, wato an ƙara awa 2 ko fiye a sama, shi ya sa a shekarar aka yi ta ja-in-ja tsakanin hukumar alhazai ta ƙasa da kamfanonin jirage har aka tsaya a kan ƙarin dala 250 a kowace kujera. To wadda ta ce maka ta yi kusan awa 7 a 2023, gaskiyarta. Nisan Kaduna da Jidda bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, hanya ce ta toshe, kamar dai daga Kawo zuwa Sabon Tasha ne a cikin garin Kaduna, da asuba da kuma ƙarfe 5 na yamma in gada ta cushe ai ba lokaci ɗaya za ka ɓata ba. Tun daga lokacin hanyar da ake bi takan canza daga wannan shekara zuwa waccan, daga wannan kamfani zuwa wancan, don haka tambayar da ta fi amfani ka yi wa jami'in alhazan ƙaramar hukumarku ita ce wane kamfani aka ba Kaduna bana, kuma sahun farko da suka tashi awa nawa suka yi. Amsar sahun farkon nan ta fi duk wani lissafin da zan yi maka a nan.

Tikitin awa 2 da rabi kuwa, agogo ne ya yi maka wasa. Saudiyya na gabanmu da awa 2, kuma ƙa'idar tikiti ita ce lokacin tashi da agogon garin da aka tashi ake rubuta shi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Misali jirgi ya bar Jidda ƙarfe 2 na rana agogon can, ya yi awa 4 da rabi, zai sauka Kaduna 6 da rabi agogon Saudiyya, wanda a nan ƙarfe 4 da rabi ne, sai ka duba takarda ka ga 2:00 zuwa 4:30 ka ce kai ashe kusa ne. A zuwa kuma akasin haka, in sun tashi 11 na dare a nan za ka ga an rubuta sauka 5:30 na asuba, kamar awa 6 da rabi, alhali 4 da rabin ce dai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon suga. Ku je wajen likitanta kafin tafiya ya tsara mata yadda za ta sha magani ko allura a ranar, kuma wanda zai kula da ita ya riƙa ƙirga awannin da suka wuce tun shan ƙarshe, kada ya dogara da agogon waya, don wayar da ta kama sabis a can za ta yi tsalle da awa 2 da kanta ba tare da ta yi sallama ba. Magungunan kuma a jakar hannu, ba a babbar jaka ba, da ɗan dabino ko biskit a kusa ko da suga zai faɗi kafin a raba abinci.

Akwai kuma iska, wadda fasinja ba ya gani amma mu ita muke fara dubawa. Gudun 870 ɗin nan da na faɗa gudu ne a cikin iska, in iskar tana tafiya inda kake tafiya sai ta ƙara maka, in tana tahowa ta gabanka sai ta rage. A can sama lokacin hunturu iska mai ƙarfi daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, musamman in ka matsa arewa wajen Masar da Bahar Maliya, shi ya sa masu Umarar Disamba da Janairu zuwa yakan fi musu sauri, dawowa ta fi tsawo. Da damina kuwa, wajen Yuni zuwa Satumba, akwai wata iskar gabas da ke ratsa saman yankinmu, sai lamarin ya juye, mai zuwa Saudiyya ya yi ta kokawa da ita, mai dawowa ta turo shi gida. Iskar kilomita 60 a awa kawai ta isa ta ƙara ko ta rage kusan kwata na awa a wannan tafiyar. Kuma tunda aikin Hajji yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, Arfa ta kama 27 ga Yuni a 2023, 15 ga Yuni a 2024, 5 ga Yuni a 2025, wanda ya je shekara 15 da suka wuce da wanda zai je bana ba yanayi ɗaya suka tarar a sama ba, balle a ƙasa.

A ƙasan ma kowane lokaci da nasa. Hunturu hazo, in ƙura ta sauko aka daina hangen nesa a Kaduna jirgin da zai zo ɗaukarsu ma ba zai iya sauka ba, sai ya jira ko ya wuce Abuja ko Kano. Farkon damina kuma hadarin yamma, irin mai tasowa daga gabas baƙi ƙirin da iska, babu matuƙin da ke da hankali da zai kutsa cikinsa, ko a jira ya wuce ko a zagaye shi. In ka ji an ce an ɗaga tashi saboda yanayi kada ranka ya ɓaci da kamfani, wanda ya ɗaga ɗin ya san abin da ya gani a na'ura. Kuma in kana mamakin me ya sa jiragen alhazai suka fi tashi da dare ko da asuba, dalili biyu ne. Na farko lokacin sauka hukumar jiragen Saudiyya ce ke rabawa, duniya gaba ɗaya ke tururuwa filayen Jidda da Madina a 'yan makonni, in an ba ka ƙarfe kaza to sai ka lissafo baya ka ga yaushe za ka bar Kaduna. Na biyu zafi. Filin Kaduna yana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, titinsa mita 3,000, in rana ta take iska takan yi sakayau, injin ba ya ba da ƙarfinsa duka, fiffike ma ba ya ɗauka kamar da sanyi, sai ka ga lissafi ya ce a rage nauyi. Da sanyin dare kuwa jirgi ya ɗauki kayansa cif ya tashi.

Wani abu da ya shafi lokaci kuma mutane ba sa kawo shi a lissafi shi ne harami. In jirginsu Madina zai fara sauka, wanda shekarun nan akasarin alhazanmu haka ake yi musu, to babu gaggawa, sai za su tafi Makka za su ɗauka a Zulhulaifa. In kuwa Jidda ne kuma Makka za su wuce, to a sama ake daidaita da miƙati, kyaftin ko ma'aikata sukan sanar wajen rabin awa kafin nan. Abin da ke biyo bayan sanarwar nan sai wanda ya gani, maza su miƙe rututu kowa da farin mayafinsa a hannu an yi layi a ƙofar ban ɗaki, guri ɗan ƙuƙut da ko juyawa da ƙyar, ga jirgi ya fara sauka ana cewa kowa ya zauna ya ɗaura bel, kuma a wannan gudun duk minti ɗaya kilomita 14 ne ya wuce. Wanda zai raka Hajiya in namiji ne ya ɗaura zanensa tun daga sansanin alhazai na Mando, niyya kawai ta rage masa a sama. Hukuncin abin kuma malaman bita za su yi musu bayani, wannan fagensu ne. Sallah ma haka, mai tafiya gabas da dare asuba takan riske shi da wuri fiye da yadda jikinsa ya saba, ta yi alwalarta kafin a hau ya fi mata sauƙi da wannan gwiwar.

Gwiwar kuwa, ku roƙa mata kujerar bakin hanya ba ta taga ba, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu in an kashe alamar bel, in tana zaune ta riƙa motsa ƙafafu. Ta sha ruwa sosai, iskar cikin jirgi busasshiya ce. Tsofaffinmu suna da wata ɗabi'a ta ƙin shan ruwa wai don kada fitsari ya matsa musu su rasa yadda za su yi da ban ɗakin jirgi, wallahi wannan ya fi cutarwa, gara a samu wata ta nuna mata yadda ake buɗe ƙofar da yadda ake danna ruwa tun farkon tafiya. Kuma ku nemi keken guragu tun wajen tantancewa, ba abin kunya ba ne, tafiyar ƙafa a filin can tana da yawa.

In kuma wata rana Umara za ku je ba Hajji ba, lissafin daban ne, don in ba lokacin jigilar alhazai ba mutumin Kaduna galibi sai ya tafi Kano ko Abuja ya hau. Ka ƙara kusan kilomita 230 na mota zuwa Kano, ko jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa ta Idu a Abuja. In ka samu mai miƙewa daga Kano to shikenan. In mai yada zango ne, ta Addis Ababa daga Abuja kusan kilomita 3,460 ne sannan 1,410 zuwa Jidda, ta Alƙahira kuma kusan 3,430 sannan 1,220, ga jiran canjin jirgi da zai iya zama awa 2 ya iya zama kwana. Sau da yawa ya fi araha, amma ni ba zan ɗora tsohuwa mai ciwon suga a kai ba in akwai mai miƙewa, ko da kuɗin ya ɗan fi.

Kai kuma da za ka zauna a gida riƙe da waya, ka nemi lambar jirgin a wajen jami'insu ka sa a manhajar Flightradar24, za ka ga lokacin da ya tashi da gaske da hanyar da ya bi. In ka ga ya ɓace a tsakiyar sahara ko hoton ya tsaya cak kada hankalinka ya tashi, na'urorin da ke kamo siginar ne babu su sosai a wajen, zai sake bayyana. Kuma ganin ya sauka ba shi ne za ta kira ka nan take ba. Akwai duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu, akwai jiran kaya, akwai jiran motoci su cika, wannan kaɗai yana cin awa 2 zuwa 4 in jirage sun haɗu, sannan daga filin Jidda zuwa masauki a Makka kusan kilomita 100 ne, a Madina kuwa filin na kusa da gari. Layinta na nan ma ba lalle ya yi aiki ba sai an saya mata na can ko an buɗe mata romin. Don haka ka karɓi lambar mutum biyu cikin 'yan rukuninsu tun a Mando, kuma daga lokacin da ka ga jirgi ya bar Kaduna ka ba ta awa 10 zuwa 12 kafin ka fara neman ta.